Dutsen da ba a fitarwa, sai dai a tsattsaga shi

Akwai wata siffa da duk mai aiki a ɗakin buɗe jijiyoyin zuciya ba ya son ganinta a allon hoto. An shigar da balan-balan cikin jijiyar da ta tsuke, an hura shi, bakinsa biyu sun kumbura, amma tsakiyar ta ƙi, ya yi ƙugu. Sau da yawa ni ce ke riƙe da abin hurawar, ina murɗawa ina kira wa likita lambar matsin: 14, 18, 20, 24. Allurar ma'auni na hawa, ƙugun na nan daram. Daga nan kowa a ɗakin ya san da me muke karawa. Kalsiyam ne, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya sandare a bangon jijiyar kamar dutse, ta koma tamkar ƙashi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mutanen da na fi ganin wannan a jikinsu su ne tsofaffi, da masu ciwon suga da ya daɗe, da masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda. Iyalai kan tambaye ni ko wani abu mai kalsiyam ne mutum ya yawaita ci. A'a. Kitse ne ke taruwa a bango, kumburi ya biyo baya shekara da shekaru, har wasu ƙwayoyin bangon su soma aiki irin na masu gina ƙashi.

Abin da ya sa muke damuwa shi ne sitent, wato 'yar ragar ƙarfen nan da ake bari a ciki ta tokare jijiyar. In aka saka ta a wurin da dutse ya riƙe, ba za ta buɗe sosai ba. Sitent da bai buɗe ba kuwa shi ne wanda ke sake tsukewa, ko jini ya daskare a cikinsa farat ɗaya, mutum ya dawo mana da mummunan ciwon zuciya. Kuma in ƙarfe ya riga ya zauna a takure, gyaransa ya fi saka shi wahala nesa ba kusa ba. Saboda haka duk aikin yana ga shirya wurin tun kafin sitent ya shiga.

Da can makamanmu ƙarfi ne da niƙa. Ko a ƙara matsi da balan-balan mai tauri, wanda kan fi tura ɓangaren jijiyar mai laushi har ya yaga shi alhali dutsen ko gezau, ko a ɗauko Rotablator, wani ɗan kan ƙarfe mai ɓurɓushin lu'ulu'u da ke juyawa sau 140,000 zuwa 180,000 a minti yana goge dutsen. Ina girmama wannan na'ura, ta ceci mutane da yawa kuma har gobe ba ta da madadi a wasu wurare. Amma garin da ta niƙa gaba yake wucewa cikin ƙananan jijiyoyi, wani lokaci jini ya rage gudu, bugun zuciya ya sauka, mu duka mu miƙe tsaye. Sannan saman dutsen take ci, wanda ke can cikin bango ba ta kai masa.

Dabarar da nake son yin magana a kai daga wajen masu tsakuwar ƙoda aka aro ta. Tun 1980 likitoci a Munich ta Jamus suka fara farfasa tsakuwar ƙoda da igiyar sauti mai ƙarfi daga wajen jiki, ba tare da yanka ba. Kamfanin Shockwave Medical na Kalifoniya ya ƙanƙantar da wannan tunani ya cusa shi cikin balan-balan mai tsawon milimita 12. Ana kiran aikin IVL a taƙaice. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don jijiyoyin zuciya a Fabrairun 2021, bayan an riga an yi amfani da shi a Turai da kuma a jijiyoyin ƙafa.

Ga yadda yake a hannu. Ana zura balan-balan ɗin a kan siririyar wayar da aka saba aiki da ita, har ya zauna daidai kan dutsen. Ina cika shi da ruwan gishiri gauraye da ruwan hoto, in tabbatar babu ko ɗigon iska a ciki, in hura shi zuwa 4 kacal, iyakar dai ya manne da bango. Likita ya danna maɓalli. A cikin balan-balan ɗin akwai wuraren tartsatsi guda biyu. Wuta ta tarwatsa, ta mai da ɗan ruwa tururi, kumfa ya tashi ya rushe cikin ƙiftawar ido, sai igiyar matsi ta fita ta ko'ina. Nama mai laushi yana barinta ta ratsa shi ta wuce. Dutse ba ya iya lanƙwasa, sai ya tsage, na sama da na can ciki duka. Bugu ɗaya a kowace daƙiƙa, guda goma a jere, kana jin ƙarar a ɗaki, tak, tak, tak. Sai a ƙara hurawa zuwa 6, a sace shi a bar jini ya wuce, a sake. Samfurin balan-balan ɗin na farko yana da bugu 80, wanda ya biyo shi 120, in sun ƙare sun ƙare.

Mara lafiya a farke yake duk wannan lokaci. Da yake balan-balan na tare jini muddin yana hure, yakan ji nauyi a ƙirji, don haka nakan matso kusa da kansa in ce, "Baba, za ka ji ƙirji ya ɗan riƙe, mu ƙirga goma tare zai saki." Idona ɗaya na kan layin bugun zuciya, domin tartsatsin kan ja zuciya ta buga tare da shi, layin ya canza siffa na ɗan lokaci. Sabon ma'aikaci yakan firgita ran farko. Yawanci da an daina dannawa komai ke komawa daidai.

Sai kuma abin da har yanzu ke faranta mini rai duk sanda na gan shi: ƙugun nan da ya ƙi sakin jiki a 24 ya miƙe a 6. In aka leƙa da kyamarar cikin jijiya, ta haske ko ta sauti, ana ganin tsagogin a jikin dutsen. Kamar ɓawon dafaffen ƙwai da aka ƙwanƙwasa, ya tsattsage amma fatar ciki na riƙe da shi, bai zube ba. Shi ya sa ba a cika ganin toshewar ƙananan jijiyoyi da ke biyo bayan niƙa ba.

Binciken da aka dogara da shi wajen amincewa, Disrupt CAD III, an wallafa shi a 2020, an shigar da mutum 431 a cibiyoyi 47 na Amurka da Ingila da Faransa da Jamus. An yi nasarar aikin a kusan kashi 92 cikin 100, kuma kusan kashi 92 sun kai kwana 30 ba tare da babbar matsalar zuciya ba. Hujewar jijiya ta yi ƙaranci ƙwarai. Sai dai binciken bai kwatanta shi kafaɗa da kafaɗa da wata dabara ba, kowa IVL aka yi masa. Don haka ba na jin daɗi in ji ana tallarsa kamar ya kori sauran makamai. Balan-balan ɗin ya fi na yau da kullum kauri, in ƙofar ta tsuke ƙwarai ba ya shiga, dole a fara share masa hanya da ƙaramin balan-balan ko Rotablator. Dutsen da ya tsiro kamar ƙullutu zuwa cikin jijiya yana da taurin kai, kuma kaifinsa kan fasa balan-balan ɗin. Ga tsada, tunda sau ɗaya ake amfani da kowanne a jefar, abin da ke hana mutane da yawa da suka cancanta samunsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yana faruwa ne bayan an gama. Mutum ya ji sauƙi, numfashi ya dawo, sai ya ɗauka an wanke masa jijiya tas. Dutsen yana nan inda yake, wuri ɗaya aka tsaga don ƙarfe ya buɗe, sauran jijiyoyin kuma cutar na ci gaba da aikinta. Magungunan hana daskarewar jini guda biyu, asfirin da abokinsa irin su kilofidogirel, ana shan su tare na watanni gwargwadon yadda likita ya tsara, kuma dakatar da su da ka a farkon watannin na iya toshe sitent ɗin cikin dare ɗaya. Maganin kitse, da kula da suga da hawan jini, da barin taba, babu wanda IVL ya ɗauke wa mutum.

Kafin a sallami mara lafiya nakan ja ɗaya daga cikin 'ya'yansa gefe in ce su tambayi likita a gabana ko an duba cikin jijiyar da kyamara bayan saka sitent, ko ya buɗe yadda ake so, da kuma ranar da za a sake duba maganar magungunan nan biyu. Nakan sa su rubuta ranar a jikin katin sitent ɗin, su riƙa nuna katin ga duk likitan da zai yi masa tiyata ko cire haƙori, kafin wani ya ce a tsayar da magani.