Laraba, 22 ga Nuwamba, 2023: Gwiwar Azzi Fudd

Garin Storrs, inda jami'armu take a Amurka, ya yi tsit a wannan makon, domin ɗalibai sun watse gidajensu hutun bikin godiya da Amurkawa za su yi gobe, mu kuwa da namu gidajen suke bayan teku sai muka zama masu gadin unguwa. Ina zaune a ɗaki da kofin shayi, ina fama da rubutun da malamina yake jira, sai saƙo ya shigo wayata cewa jami'armu ta UConn ta fitar da sanarwa a kan Azzi Fudd, 'yar wasan ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta mata. Jijiyar gwiwarta ta dama, wadda likitoci suke kira ACL, ta tsinke, guringuntsin da ke cikin gwiwar shi ma ya yage, kuma ba za ta sake buga ƙwallon kwando ba har ƙarshen wannan kakar. Shayin nan har ya huce ban kurɓa ba.

Gaskiya tun makon jiya jikina ya ba ni. An ce ta ji ciwo a wajen atisaye ranar 14 ga wata, ba ta buga wasan Maryland ba, ba ta buga na Minnesota ba, kuma duk wanda ya saba da wannan ƙungiya ya san cewa idan aka kwana biyu ana cewa ana kan bincike, to abin ya wuce targaɗe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da abin ya faru. A ranar 14 ga Nuwamban bara ina cikin zauren Gampel lokacin da muka doke Texas, a daren da aka karrama tsohuwar 'yar wasanmu Swin Cash aka jingine lambar rigarta ta 32, kuma Azzi ta ci maki 32 cif. Ban manta yadda take jifa ba. Ƙwallo ba ta daɗewa a hannunta, tana karɓa ta riga ta daidaita ƙafafu, kafin mai tsaronta ta ɗaga hannu ƙwallon ta tashi, sai dai ka ji ragar ta yi ƙara. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, da jikarsa sanye da riga mai lamba 35 irin ta Azzi, ya yi ta dukan cinyarsa yana dariya shi kaɗai. Shekara guda daidai ke nan tsakanin wannan dare da faɗuwarta.

Wannan ba shi ne karon farko da gwiwar ta ba ta wahala ba. A 2019, tun tana makarantar sakandare, wannan jijiyar ta tsinke a wannan ƙafar, aka yi mata tiyata, ta warke ta dawo har aka ɗauke ta a matsayin ta ɗaya cikin sa'o'inta a faɗin ƙasar a 2021. A Disambar bara kuma ta sake jin ciwo a gwiwar a wasan Notre Dame, ta rasa mafi yawan kakar. Bana wasa biyu kawai ta samu, na Dayton da muka ci cikin sauƙi, da na NC State da aka lallasa mu da 92 da 81, alhali mun shigo kakar muna na biyu a jerin ƙungiyoyin ƙasar.

Da yamma na kira Yaya, wanda ya buga ƙwallon kwando a Zariya a zamanin karatunsa, yanzu kuma aikinsa gashin ƙashi. Na tambaye shi dalilin da ya sa ciwon da ba karaya ba yake cinye shekara guda. Ya ce, "Ƙanwata, ai karaya ta fi sauƙi, ƙashi idan aka ɗora shi yana haɗewa da kansa." Ya bayyana mini cewa jijiyar tana can tsakiyar gwiwa, ita ce take riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ya bar ƙashin cinya, kuma idan ta tsinke ba ta cika haɗewa ba, sai dai likita ya yanko wata jijiya, sau da yawa daga jikin mai ciwon, ya dasa a madadinta. Daga nan sai watanni tara zuwa shekara na koyon miƙe ƙafa, da lanƙwasa ta, da tafiya, da gudu, kafin a kai ga tsalle. Ya ƙara da cewa galibi ba karo ne yake jawo ta ba, saukowa daga tsalle ne ko juyawa da sauri ƙafa tana kafe a ƙasa, kuma mata sun fi maza gamuwa da ita a irin wannan wasa. Na ce masa da a gida ne da tuni an kai ta wajen maɗori, ya yi dariya ya ce ya ga samari da dama da aka ja musu ƙafa aka ɗaure, kumburi ya sauka suka ce sun warke, amma har yau gwiwar tana kuɓuce musu idan sun juya.

Abin da na yi ta tunani bayan mun gama waya ba lissafin maki ba ne. Azzi da Paige Bueckers ƙawaye ne tun kafin su zo nan, kuma kowa ya san cewa burin su buga tare yana cikin abin da ya haɗa su a makaranta ɗaya. Sai ga shi kamar suna karɓa-karɓa da jinya. Paige ta rasa kakar bara gaba ɗaya saboda irin wannan jijiyar a gwiwarta ta hagu, ta dawo bana, ranar Lahadi ma ta buga a jiharta ta Minnesota a gaban danginta muka ci 62 da 44, yanzu kuma ita ce za ta tsaya a fili ƙawarta tana benci. Ga Jana El Alfy, 'yar Masar, wadda agararta ta tsinke tun watan Yuli, ba ta ko fara ba. A Janairun da ya wuce sai da aka ɗage wasanmu da DePaul saboda masu lafiya ba su kai bakwai ba, kakar kuma ta ƙare a hannun Ohio State, karo na farko da ƙungiyar ta kasa kaiwa matakin huɗun ƙarshe bayan ta je sau 14 a jere.

Na ga wasu magoya baya sun fara neman wanda za su ɗora wa laifi, wasu suna cewa atisaye ne ya yi yawa, wasu suna cewa baki ne ya kama ƙungiyar. Ni dai ban ga hujjar ko ɗaya ba, kuma ina ganin mun saba da nasara har mun sangarce. Geno Auriemma yana horar da ƙungiyar nan tun 1985, ya ɗauki kofin ƙasa sau 11, shi ya sa idan aka ci mu wasa ɗaya a watan Nuwamba sai a yi ta jimami kamar an yi rashi. Nauyi zai koma kan Aaliyah Edwards a ƙarƙashin kwando, da Nika Mühl wajen raba ƙwallo, sannan dole sababbin shiga irin su KK Arnold da Ashlynn Shade su girma da wuri fiye da yadda aka tsara musu. KK tana da sauri da zafin nama wajen tsaro, amma jifa daga nesa irin na Azzi ba abu ba ne da ake aro.

Jibi Juma'a za a kara da UCLA a tsibiran Cayman, kuma suna da dogayen 'yan wasa da za su wahalar da mu. Na roƙi maƙwabciyata ta bar mini talabijin ɗinta idan ta tafi gidan iyayenta gobe, ta ce makullin yana ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Bayan sallar isha'i na yi wa Azzi addu'ar samun sauƙi, sannan na koma kan rubutun malam, wanda har yanzu yana shafi na huɗu.