Kwabo mai huji da maɓallin soja: abin da nake tonowa a tsofaffin gidajen Kaduna

Duk wanda ya fito da na'urar gano ƙarfe a garin nan, to ya shirya amsa tambaya guda: "Malam, zinare ake nema?" Ba laifin mutane ba ne, don masu haƙar zinare na wajajen Birnin Gwari su suka sa aka san injin a ƙasar nan. Tawa ƙarama ce, kwance na saye ta, kuma duk abin da ta taɓa fito min da shi, in aka haɗa aka kai kasuwa, ba zai sayi buhun masara ba. Tsofaffin kuɗi nake nema da maɓallan kakin soja.

Kaduna ba Zariya ba ce, ba Kano ba ce. Turawa ne suka yanke ta a bakin kogi saboda layin dogo da ruwa, suka baro Zungeru suka mai da hedikwatar Arewa nan a 1917. Saboda haka wanda yake mafarkin tono takobin zamanin Sarauniya Amina ya nemi wani gari. Abin da ƙasar Kaduna ta haɗiye shi ne kayan soja, da na ma'aikatan reluwe, da na kuku da boyi da masinja da leburori, mutanen da suka zo cin arziki daga ko'ina suka kafa Tudun Wada da Unguwar Shanu da Makera da sauransu. Ni kuwa tarihinsu ya fi jan hankalina a kan na gwamnonin da aka sa wa tituna sunayensu, don su babu wanda ya rubuta komai a kansu.

Yawanci magina ne ke ba ni labari. Za a rushe tsohon gidan ƙasa a ɗora bene ko shaguna, sai wani ya buga min waya ya ce in zo kafin tifa ta fara kwasa. Ba na saka ƙafa sai na gaida mai gida na faɗa masa abin da ya kawo ni, in fili ne na unguwa kuma sai na je wajen mai unguwa. Sharaɗina ɗaya ne kullum: abin da ya fito na masu gida ne, in sun bar min na gode. A cikin gidan ma ba ko'ina nake bi ba. Bakin rijiya, wurin wanki, gindin tsohon mangwaro ko darbejiya, da ƙofar zaure inda maza ke shimfiɗa tabarma, nan ne aljihu ke zubewa, nan ne zare ke tsinkewa maɓalli ya faɗi.

Jar ƙasar Kaduna ba ta son injin nan. Marmara ce cike da ƙarfe, in ba ka daidaita na'urar da ƙasar wurin ba, sai ta yi ta ƙara babu gaira babu dalili. Faifan da ke ƙasan sandar yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ya dawo da amsa: baƙin ƙarfe ƙara mai kauri, tagulla da jan ƙarfe ƙara siririya mai tsabta. Matsalar ita ce marfin kwalbar lemo da guntun tukunyar dalma su ma suna iya yin wannan muryar mai daɗi, kuma su ne mafi yawan abin da mutum zai tono. Ga ƙusoshi, ga guntayen kwanon rufi, ga tsohon batir. Kwabo kuwa in ya wuce zurfin taki ɗaya, da wuya irin tawa ta ji shi. Na fi son fita bayan an yi ruwan farko na damina, ƙasa ta yi laushi, amsa ta fi fitowa. Da rani sai dai ka karya wuƙar tono a banza.

Kwabo mai huji shi ne abokina na kullum. In ya fito, dunƙulen jar laka ne kawai, sai ka murza da babban yatsa hujin tsakiya ya buɗe, sannan tauraro mai tsini shida ya fara bayyana. A ɗaya fuskar akwai kambin sarauta da sunan sarkin Ingila, ƙasa kuma an rubuta darajar kuɗin da haruffan Larabci. Babu hoton sarki, huji ya cinye wurin. An fara buga irinsu a 1907, kuma a zare ake shirya su a ɗaura a ƙugu ko a ƙulle a bakin zane. Anini goma kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam guda. Tsakani ga ɗari, wato rabin kwabo, ga taro kwabo uku, ga sisi kwabo shida. Wanda ya duba da gilashi zai ga a jikin wasunsu wani ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga shi. Ina da kwabo na 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka daga mulki a shekarar ba a ko naɗa shi ba. A Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan an sayi ƙosai da shi. Kada kowa ya ɗauka dukiya ce, an buga shi da yawa ƙwarai. Na 1959 kuma, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da kuɗin ƙasa, su suka fi fitowa: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai koko, sule biyu mai gyaɗa. Da su aka yi ciniki har naira ta zo a 1973.

Maɓalli ya fi wuya. Wanda na fi tunawa a wani gida a Tudun Wada ya fito, kusa da inda murhu yake a da. Na tagulla ne, ya yi kore, kunnensa na baya ya lanƙwashe. Da na ɗauraye shi sai ga bishiyar kwakwa a tsakiya da haruffa RWAFF, wato rundunar sojan da Turawa suka kafa a Afirka ta Yamma. Harafin R na farko a 1928 aka ƙara shi, don haka maɓallin bai girmi wannan shekarar ba. Wata dattijuwa da aka fito wa da kujera tsakar gida tana kallon rushe-rushen ta miƙo hannu.

"Ɗan nan, kawo in gani."

"Ga shi, Inna, a hankali, bakinsa da kaifi."

Ta kai shi kusa da ido, ta juya. "Irin na rigar Babanmu ne. Da ya dawo daga Bama a adaka yake ajiye ta. Mu yake sa wa mu goge masa waɗannan da toka da lemun tsami, in bai ga fuskarsa a ciki ba a sake."

Daga nan labari ya ɓalle, har magina suka ajiye diga suna saurare: yadda ba ya son ƙarar tsawa, yadda yake ba su labarin jirgin ruwa da daji mai ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, yadda ya ƙare a aikin gadi. Dubban 'yan Arewa ne suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma barikin Dalet da ke Kawo da barikin Kalapanzin sunayen wuraren da aka gwabza ne a can. Muna wucewa ta gabansu kullum a Keke Napep. A wajen dattijuwar na bar maɓallin, na ɗauki hotonsa, na rubuta unguwa da wurin da ya fito da abin da ta faɗa. (Af, toka da lemun tsami na maɓallin da ke jikin riga ne. Wanda ya kwana shekaru a ƙasa ruwa kawai yake so da tsohon buroshin haƙori da tsinke. In ka sa masa tsami ko takardar goge ƙarfe, rubutun zai tafi tare da tsatsar.)

Abin da ke ci min rai shi ne saurin da abubuwan nan ke ɓacewa. Ƙasar tsohon gida tifa ke kwashewa a je a cike rami da ita a bayan gari, abin da ya tsira kuma 'yan jari bola su tsince. Ba na ganin laifinsu, abincinsu suke nema, kuma su a wajensu tagulla nauyi ce a kan sikeli. Na taɓa tarar da lambar hular soja a cikin buhun wani yaro tare da wayoyin wuta da kan famfo. Na saya, amma ko shi bai iya tuna unguwar da ya tsince ta ba, don haka tana cikin gwangwani a ɗakina, ba ta da labarin da zan rubuta mata.

Akwai iyaka kuma. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, kuma duk wanda ya san yadda aka wawushe gumakan Nok a kudancin jihar nan aka sayar ƙasashen waje zai gane dalili. Ni a tsakar gidajen mutane nake tsayawa, ba na taɓa kufai, ba na kusantar maƙabarta, in abu ya fi ƙarfin sanina kuma gidan tarihi na titin Ali Akilu yana nan. Bariki da filin atisaye kuwa ko da wasa. Mutum da sanda mai ƙara a gindin katangar soja a wannan zamani ya san abin da ya jawo wa kansa. In ka tono harsashi da bai fashe ba, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka sa a aljihu, ka bar shi a wurin ka sanar da hukuma.

Wanda nake nema har yanzu shi ne aninin farko na 1907, wanda aka yi da alminiyom kafin a ga bai da ƙarko a canza ƙarfen. Danshi da gumi suna cinye shi, balle a ce jar ƙasar nan. An ce min za a taɓa wasu tsofaffin gidajen ma'aikata ta wajen tashar jirgin ƙasa bayan Sallah, na riga na bar wa maginin lambata.