Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Fakon Gabas da Gari

Makon jiya na tsaya inda fara ta cinye mana hatsi a 2004, yunwa ta biyo baya a 2005. Ba zan koma can ba. Cikin shanunmu bakwai, saniya ɗaya ta ga damina.

Kawu, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake fako bai mutu ba, ƙishirwa yake ji. Mu kuwa dariya muke masa. Fakon gabas da garinmu, a hanyar Tanut, ko karangiya ba ta fitowa a kansa. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kafin la'asar ya gangare kwari, ƙasa ta koma kamar daɓe. Kawu ya ce kafin yunwar 1984 gamba ke ɓoye ɗan maraƙi a wurin.

Da masu furoje suka zo da aikin rabin wata, wato haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, don kuɗin cefane na shiga, ba don maganar Kawu ba. Gara in faɗi gaskiya. Cikin zafin Afrilu muke haƙa, diga na tsalle tana dawowa, tafin hannuna duk kanta. Faɗin kowane rami mita 4, hekta guda tana cin 313, a jera su kamar ɓawon kifi yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Bakin ramin ya dubi tudu, ƙasar da ka fidda ka tara ta ta gangare.

Ni ranar farko uku na haƙa, duka a juye. Kawu ya tsaya a kaina da sandarsa.

"Ɗana, ruwan ta ina zai shiga?"

Na yi shiru. Ya ce, "Mai ƙishirwa ka juya wa ƙwarya."

Ɗan maigari yana gefe ƙarƙashin aduwa, riƙe da takardar sunaye. Ya yi dariya har da buga cinya. Shi da bai taɓa ɗaga diga ba! Yau in baƙi suka zo daga Damagaram shi ke shiga gaba yana nuna musu daƙwara da bagaruwa, wai "aikinmu". Na gan shi da idona bara, hula a karkace.

Da ruwa ya zauna a Yuli muka watsa irin kyasuwa da taki, muka dasa itace ɗaya a kowane rami. Aka hana kiwo. Wannan hanin shi ne mai wuya, domin awakin Inna ma sai da aka kama aka ci mu tara. Kawu bai tausaya mata ba. Ya ce zamanin Sarki Tanimun wanda ya sare gawo ba tara ake cinsa ba, ta gode Allah. Kwana biyu ba ta kai masa fura ba.

A shekara ta biyu Kawu ya kwanta, Libiya kuma ta ɗauke ni, wannan labarin wani mako ne. Da na dawo an riga an yi sadakar arba'in. Washegari da hantsi na nufi gabas ni kaɗai. Kyasuwa ta kai min ƙugu, na yi ta laluben ramukan nan uku da ya sa na sake haƙawa, ban gane su ba. Na yanko dami guda na kawo wa saniyar.