Tabaron gani-kamar-gaske a kujerar likitan haƙori

Ɗiyata tana da shekara 13 lokacin da likita ya ce sai an sa mata ƙarfen gyaran haƙori. Ba maganar wushirya ake yi ba, wadda mu nan ado muka ɗauke ta. Haƙoranta na sama ne suka yi cunkoso, ɗaya ya hau kan ɗaya, har buroshi ba ya shiga tsakaninsu. Ranar farko aka cika wani ɗan faranti mai siffar kofaton doki da kwaɓi mai kauri, aka danna mata shi a dasashi domin a fitar da siffar bakin, ita kuwa ta riƙa yunƙurin amai, hawaye na gangarowa har cikin kunnuwanta. Daga ranar tsoro ya shige ta. Duk bayan mako shida muke tasowa daga Birnin Kebbi da asuba, mu bi ta Argungu zuwa Sakkwato domin a ɗaure wayar ƙarfen haƙorin, kuma tun daren jajibiri take ƙin tuwo, ta kwana tana juyi.

Abin da na lura da shi a zuwa na biyu da na uku shi ne, ba zafi ne yake razana ta ba, domin ɗaure waya ba ya buƙatar allura, kuma ba a huda komai. Idonta ne yake jawo mata wahala. Da zarar ta ga tiren ƙarafa, da ɗan filayan da ake yanke bakin waya da shi, da fitilar da ake saukowa da ita kan fuska, sai ta sandare, ta ƙanƙame hannun kujera, numfashinta ya riƙa fita sama-sama.

Ƙanena, wanda yake sayar da kayan wayar salula a kasuwa, shi ya kawo shawarar tabaron nan da suke kira VR, ni kuma nake ce masa tabaron gani-kamar-gaske. Nasa ba mai tsada ba ne: akwatin roba ne mai gilasai biyu, ana zura wayar salula a gabansa, irin dabarar da kamfanin Google ya yaɗa a 2014 da tabaronsa na kwali. Na ɗauka wasan yara ne, har sai da na bincika na ga abin yana da tushe a aikin asibiti. Tun a shekarun 1990 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington a Amurka suka fara gwada shi ga masu ƙunar wuta, waɗanda wankin ciwonsu yana cikin mafi tsananin azaba da ake sha a asibiti. Sun ƙirƙiro wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, inda majinyaci yake jifa da curin ƙanƙara yayin da ake ɗaye masa bandeji, kuma majinyatan sun riƙa cewa zafin ya ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hankalin mutum yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon ciwo ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye, akwai abin da yake rage shi ko ya ƙara shi a hanya, ciki har da inda hankali ya karkata.

Na nemi izinin likitan kafin mu gwada. Ya jujjuya tabaron a hannunsa, ya ce, "Malam, ba ni da matsala, in dai ba zai sauko kan leɓenta na sama ba, kuma ba za ta riƙa waige-waige ba." Wannan sharaɗi na biyu shi ne ainihin wuyar abin, domin an yi tabaron ne don mutum ya juya kai ya dubi ko'ina, alhali likita yana bukatar kai ya tsaya cak. Saboda haka muka bar wasanni, muka sauke bidiyon ƙarƙashin teku tun daga gida, wanda kifaye suke wucewa ta gaban mai kallo ba sai ya bi su ba. Ita ta zaɓe shi da kanta, wai duk giwan ruwan da ta taɓa gani a Argungu a kan tudu ta gan shi, tana son ta ga kifi a gidansa.

Gwajin farko bai tafi daidai ba. Da aka kwantar da kujera, hoton ya koma yana nuna mata saman ruwa kawai, sai da na ciro wayar na sake daidaita ta tana kwance. Sannan tun da ba ta ganin likita, muka yi yarjejeniya cewa idan ta ɗaga hannun hagu zai dakata, shi kuma ya riƙa faɗa mata abin da zai yi kafin ya yi: "Yanzu zan cire robar, za ki ji an ɗan ja." A ganina wannan maganar tasa ta yi rabin aikin. Na tsaya ina kallon yatsunta, na ga sun saki hannun kujera ɗaya bayan ɗaya.

Amma kada wani ya ɗauka ya sami maganin komai. Tsamin haƙori na gaske ba a kujera yake zuwa ba. Yana tasowa bayan wasu sa'o'i, ya yi tsanani kamar kwana ɗaya bayan ɗaurin, sannan ya lafa cikin 'yan kwanaki, saboda wayar ƙarfen tana tura haƙori a hankali, ƙashin da ke riƙe da shi kuma yana narkewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗayan. A waɗannan kwanaki kunu da koko da farasitamol ne abokanta. Tabaron kuma yana sa wasu jiri, wayar salular tana ɗaukar zafi idan an daɗe, kuma dole a goge soson da ke taɓa fuska idan wani zai sa bayan wani.

A zuwanmu na makon jiya na manta da tabaron a kan tebur, ban tuna ba sai da muka wuce Argungu. Na ce mata mu juya ko mu nemi a ɗaga mana rana. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, mu tafi kawai, zan rufe idona, in dai likita zai riƙa faɗa mini."