Takardar Khartum ba ta ƙetare teku ba

Mu matan Mai Wurno ne a Sudan, yajin agashe, gasasshen nama irin tsire, muke dakawa: ƙuli, barkono, citta, masoro, da wani haɗi da muka gada wurin iyayenmu. Kafin yaƙi a leda mai tambarinmu muke ƙulla shi, muna kai wa masu gashi a Sinnar da Wad Madani har Ummu Durman. Ni ke riƙe da takardun ƙungiya, shi ya sa ni aka tura Khartum bitar haƙƙin mallakar fasaha, irin taimakon nan da ake kawo wa ƙasashe masu tasowa.

Masanan da suka zo daga waje sun san aikinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun warware mana yarjejeniyar TRIPS ta 1995, wato ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, da sashe na 67 da ya ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin tallafa wa irin namu, da kariyar shekara 20 ga wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Sai dai Sudan ba ta ma shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ba, tun 1994 take bakin ƙofa. Zauren kuwa cike yake da masu turaren wuta, masu soborodo da teloli. Babu mai harhaɗa magani a cikinmu.

Abu guda na riƙo, a yi wa tambari rajista. Muka yi, a ƙarƙashin dokar tambura ta Sudan ta 1969, rukuni na 30 inda kayan yaji suke. Takarda ta fito, muka yi guɗa.

Babu wanda ya tsaya ya ce mana rajista a bakin iyaka take ƙarewa. Haka nan wata shidan yarjejeniyar Paris: in ka shigar da takarda a ƙasarka, kana da wata shida ka shigar a wata ƙasar, a lissafa maka daga ranar farko. Sudan na ciki, Saudiyya na ciki. Alhali rabin zauren, kayansu a jakunkunan 'yan umara suke tafiya Jidda. Wannan magana ko shan shayi ba za ta kai ba, amma ta ɓace a cikin dogon bayani.

Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, daga baya ya iso yankinmu, na dawo Jidda wurin yayana. A wani shago na ga yaji da sunanmu, launin ledar ma namu ne. Wani ɗan kasuwa da yake saye a hannunmu ne ya yi rajistarsa a nan. Yaya ya kai ni wurin lauya, na shimfiɗa masa takardarmu a kan tebur. Ya juya ta gaba da baya.

"Hajiya, a nan fa, kun yi?"

"A Khartum muka yi, Malam."

"To ta Khartum a Khartum take aiki."

Ya ce in an buga sanarwar tambari a nan, kwana 60 ake bayarwa don mai ƙorafi ya fito, sun wuce tuni. Saura shari'a, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matan da ke gudun hijira. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ba gardama muka yi ba, duk abin da aka koya mana mun aikata.

'Yan'uwa masu sana'a, in an gayyace ku irin wannan bita ku je, akwai amfani. Amma kada kunya ta hana ku ɗaga hannu. Ku faɗi ƙasashen da kayanku ke shiga, ko da a jakar alhazai ne, ku tambayi yadda za ku kare sunanku a can da abin da zai ci, kada ku zauna sai an amsa. Masu shiryawa kuma, don Allah ku fara tambayar mutane me suke sayarwa, ina suke kaiwa.

Yanzu sabon suna muke nema wa rajista ta hannun wakili, masu gashi kuwa tsohon suke tambaya, kuɗin yana shiga aljihun wani.