Gawa Tara a Littafi, Na Yi Barcina Lafiya Lau

Yayata ce ta jawo wannan rubutun. Ta shigo ɗakina ta ɗauki littafin da ke kan matashina, ta ga hoton wuƙa a bangonsa, ta ajiye shi da sauri kamar ya ƙona ta. "Ke yanzu wannan kike karantawa ki kwanta? Kuma barci ya ɗauke ki?" Na ce mata, "Yaya, har da munshari." Ta girgiza kai ta ce zuciyata ta bushe. Na yi dariya, amma bayan ta fita maganar ta tsaya mini a rai, domin na san akwai littattafan da suka hana ni barci, kuma babu ko ɗaya cikinsu mai wuƙa a bango.

Ina da wani ɗan littafin rubutu da nake lissafa abin da na karanta. Ba wani tsari gare shi ba, sunan littafi ne, ranar da na gama, sai layi ɗaya na abin da na ji. Daren nan na buɗe shi na bi shafukan shekara uku. Fiye da rabi ƙagaggun labaran kisan kai ne, irin waɗanda ake tsintar gawa tun babin farko. Abin da na rubuta a gabansu duk kusan iri ɗaya ne: "na gano shi tun shafi na 90", "ya yaudare ni kuma na yafe", "ƙarshen ya yi gaggawa". Kamar malama mai duba takardun jarrabawa. A gaban littattafan da suka ba da labarin abin da ya faru da gaske kuwa, sau da yawa kwanan wata ne kawai. A wuri ɗaya na rubuta "kwana huɗu", kuma na tuna abin da nake nufi: kwanakin da na yi ban iya ɗaukar wani littafi ba.

Ƙagaggen labarin kisa, komai duhunsa, yana zuwa da alkawari. Wanda ya mutu akwai dalilin mutuwarsa, kuma kafin shafin ƙarshe za a faɗa maka. Gado ne, ko kishi, ko wani tsohon asiri da ake tsoron tonuwarsa. Dalilin yana iya zama mummuna, amma ya kai girman laifin. Sannan duk abin da aka nuna maka yana da aikin yi. In aka ce agogon bango ya tsaya, to ka riƙe shi, zai dawo. Ban san wata duniya mai tsari kamar wannan ba. Shi ya sa nake barci.

Agatha Christie, marubuciyar Birtaniya, ita ce ta koya mini jin daɗin a yaudare ni. Ta rubuta littattafan bincike 66, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a sashen haɗa magunguna na asibiti, shi ya sa in ta kashe mutum da guba ba ta kame-kame. A wani littafinta na 1926, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada in ɓata wa wani, mai ba da labarin da kansa ne makashin. Da na gama sai da na ce "kai!" ni kaɗai a ɗaki. Na koma babin da aka yi kisan da fensir a hannu, ina neman inda aka yi mini ƙarya. Babu. Minti goma kawai mutumin ya tsallake bai ce komai a kansu ba, kuma ya faɗi lokacin da abin ya fara da lokacin da ya fita daga ɗakin. Ni ce ban yi lissafi ba.

Na zamanin nan sun fi jini, amma ba su fi tsoratar da ni ba. Na gaji da makashi mai hazaƙa wanda ya fi kowa ilimi, yana barin alamu don ya yi wasa da 'yan sanda. Na gaji da matar da ba a ba ta ko jimla ɗaya ta faɗa ba, amma aka ɓata shafi uku wajen kwatanta gawarta. Akwai wanda na yi jifa da shi kan gado a watan jiya saboda a babi na ƙarshe aka fito mini da ɗan tagwaye da ba a taɓa ambata ba. Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne. Duk da haka na gama shi. Kullum ina gamawa.

Wanda na rubuta wa "kwana huɗu" shi ne littafin Truman Capote, marubuci ɗan Amurka, na 1966 kan kisan iyalan wani manomi mai suna Clutter. A daren 15 ga Nuwamba 1959, wasu mutum biyu da ba su daɗe da fitowa daga kurkuku ba, Perry Smith da Richard Hickock, suka yi tafiyar mil 400 a mota zuwa wani gidan gona a Holcomb, cikin jihar Kansas ta Amurka. Wani fursuna da ya taɓa aiki a gonar ne ya gaya wa Hickock wai maigidan yana da akwatin ƙarfe maƙare da kuɗi. Babu akwatin. Da cakin banki maigidan yake biyan komai, ba ya ajiye kuɗi a gida. Suka kashe shi, da matarsa, da 'yarsu mai shekara 16, da ɗansu mai shekara 15. Abin da suka fita da shi bai kai dala 50 ba, sai ɗan rediyo da madubin hangen nesa.

Da ƙagaggen labari ne da na ce marubucin ya gaza. Rai huɗu a kan akwatin da babu shi? Ina dalilin? Na yi ta juya shafi ina jiran a fito mini da tsohuwar gaba tsakanin maigidan da ɗaya daga cikinsu. Ba su ma taɓa ganinsa ba kafin daren.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kwalin katifa ne. Da suka sauka da maigidan ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka ɗaure shi, an shimfiɗa masa wani babban kwali don kada ya kwanta a kan simintin mai sanyi. Yaron kuma an sa masa matashi a ƙarƙashin kai. Hannun da ya yi wannan tausayin yana cikin hannayen da suka kashe su bayan ɗan lokaci. Na rasa inda zan ajiye wannan a kaina. Makasan ƙagaggun labarai ba sa yin haka, in kuma sun yi, to alama ce da mai bincike zai warware a gaba. Wannan kwalin bai warware komai ba. Yana nan kawai a ƙasa.

Bayan kwana huɗun, maimakon in koma wa masu wuƙa a bango, sai na ƙara nutsawa. Na ɗauki littafin Svetlana Alexievich, marubuciyar Belarus da ta samu kyautar Nobel a 2015, kan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl ranar 26 ga Afrilu 1986. Ita ba ta ba da labari da bakinta. Shekaru ta yi tana zama da ɗaruruwan mutane, sojoji, manoma, likitoci, zawarawa, tana barinsu su yi magana, a 1997 ta fitar da muryoyin. Muryar farko ta matar wani ɗan kwana-kwana ce. An kira mijinta cikin dare wai gobara ce, suka tafi ba tare da kayan kariya ba. Ta bi shi har asibitin Mosko inda aka kai su, ta ɓoye wa likitoci cewa tana da ciki don kada a hana ta shiga. Mako biyu tana jinyarsa jikinsa yana saɓulewa, ma'aikatan asibiti suna ce mata ta daina kallonsa a matsayin miji, yanzu abu ne mai fitar da tururin nukiliya. Ya rasu a watan Mayu. Jaririyar da ta haifa daga baya sa'o'i kaɗan ta yi a duniya.

Shafukan nan ba su da yawa, amma sai da na yi zama uku kafin na ƙare su. Babu makashi a ciki da za a kama a sa wa ankwa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, matar ba labarin bala'i take bayarwa ba a ganinta. Labarin soyayya take bayarwa.

Daga nan sai Primo Levi. Masanin sinadarai ne ɗan Italiya, Bayahude, yana da shekara 24 'yan Nazi na Jamus suka tura shi sansanin gwale-gwale na Auschwitz a watan Fabrairu 1944. Su 650 aka kwasa a jirgin ƙasa ɗaya, kimanin 20 ne suka fito da rai. Ya yi wata goma sha ɗaya a can, har sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso a watan Janairu 1945. Na buɗe littafinsa ina shirin jin kururuwa, sai na tarar da murya a kwance, ta mutumin da ya saba auna abu a ma'auni kafin ya rubuta. Yana bayanin yadda takalmin da bai dace da ƙafa ba yake zama sanadin mutuwa: ya ji maka ciwo, ciwon ya ruɓe, tafiyarka ta ragu, a lura da kai. A ranakunsa na farko, ƙishirwa ta ishe shi, ya miƙa hannu ta taga ya ɓallo ƙanƙarar da ke reto, wani mai gadi ya fizge ta. Da ɗan Jamusancin da ya iya ya tambayi dalili, aka ba shi amsa cewa a wannan wurin babu dalili.

Na ajiye littafin a wannan layin na daɗe ina kallon silin. Shekara da shekaru ina karanta littattafan da dukan aikinsu shi ne amsa wannan tambayar, ga wani an gaya masa ƙiri-ƙiri cewa babu amsa. Kuma ko littafin nasa ba a yi maraba da shi da farko ba. Wani babban kamfanin ɗab'i ya ƙi shi, ƙaramin kamfani ya buga kwafi 2,500 a 1947, sai a 1958 wancan babban ya dawo ya karɓa.

Shi ya sa batun masu ƙaryar tarihin rayuwa yake ɓata mini rai fiye da kima. A 1995 wani mai amfani da sunan Binjamin Wilkomirski ya fitar da littafin ƙuruciyarsa a sansanonin 'yan Nazi, ya samu kyaututtuka, mutane suka yi ta kuka. A 1998 wani ɗan jarida ya bi takardu ya gano cewa a Suwizalan aka haife shi a 1941, kuma a can ya yi dukan shekarun yaƙin. A Amurka ma, wani marubuci mai suna James Frey ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya yi kwana 87 a kurkuku, a 2006 aka gano sa'o'i kaɗan ya yi a hannun 'yan sanda. Abin da na lura da shi, na ƙaryar sun fi ƙarin gishiri, sun fi jini, sun fi sanin inda za su matsa maka ka yi hawaye. Sun yi kama da littattafan da ke kan matashina. Wanda ya ga abin da idonsa kuwa, yana can yana maganar takalmi.

Na so in tsaya a nan in ce na raba su gida biyu, masu ƙirƙira da masu gaskiya, kowa da ɗakinsa. Capote ya hana ni. An kama Smith da Hickock a Las Vegas a ƙarshen Disamba 1959, an rataye su ranar 14 ga Afrilu 1965, kuma Capote ya jira duk waɗannan shekarun domin littafinsa ba shi da ƙarshe sai an yi ratayar. Amma bai rufe da ratayar ba. Ya rufe da wata haɗuwa a maƙabarta: jami'in da ya jagoranci binciken ya ci karo da ƙawar yarinyar da aka kashe, ta girma, ta shiga jami'a, suka ɗan yi hira a bakin kabarin, ta tafi da sauri, iska tana kaɗa alkama. Wannan shafin ne ya sa na iya numfashi a karatuna na farko. Daga baya na samu labarin cewa haɗuwar ba ta taɓa faruwa ba. Shi ya ƙirƙire ta. Mutumin da ya yi ta bugun ƙirji cewa kowace kalma a littafinsa gaskiya ce, wanda ba ya ɗaukar murya ko rubutu a gaban waɗanda yake hira da su don ya yarda da ƙwaƙwalwarsa, shi ma da ya iso bakin ramin sai ya ɗan shimfiɗa wa mai karatu kwali.

Na yi fushi da shi mako guda. Har yanzu ban gama yanke hukunci ba, don na san da bai yi haka ba, da kwana huɗun nan sun zama takwas. Abin da na yi dai, na ɗauki fensir na ja layi a kwafina daidai inda labarin rataya ya ƙare, na rubuta a gefe "nan ne". Da na sake karanta shi bara, a layin na tsaya, na rufe. Na kashe fitila, na kunna, na sake kashewa. Wajen ƙarfe biyu na haƙura na lalubo mai wuƙar nan da Yaya ta ajiye da sauri. Gawa tara ne a cikinsa, kuma tun kafin rabi na san mijin ne.