Matasan jaruman da aka hana girma

Babbar matsalar matasan jarumai a littattafan zane na Amurka ita ce shekaru. A 1982 kamfanin Marvel ya fito da New Mutants, ɗaliban da ake sa ran za su gaji ayarin manyan jarumai na X-Men. Har yau shiru. Idan yaro ya kai talatin, dole na gaba da shi ya tsufa, kamfani kuwa ba zai bari Cyclops, jagoran X-Men, ya yi furfura ba, tunda shi ke kawo kuɗi. Sai a danne lokaci, a ƙirƙiro sabon ayari, kamar Generation X a 1994. Na tsakiya su rasa gurbi, wasu a kashe su, wasu a manta da su. A kamfanin DC, Dick Grayson ya tsira ne saboda ya ajiye rigar Robin, yaron Batman, a 1984, ya zama Nightwing.